Yadda ɗan ramin sukuru ke iya kashe jitar lantarki, da yadda ake gyara shi

A Agadez da ke arewacin Jamhuriyar Nijar, da wuya a yi biki ba a ji kukan jita ba. Daga wannan gari ne duniya ta san Bombino da ƙungiyar Etran de L'Aïr, wadda ta yi suna wajen kiɗan bukukuwan aure. Shi kuwa Mdou Moctar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Ga makaɗin da ke cin abinci da biki, jita ita ce gonarsa. Tazarar da ke tsakanin Agadez da Yamai ta haura kilomita 900, don haka idan wani sashe na jitar ya lalace, ba abu ba ne da za a aiki yaro ya sayo a kanti. Kuma sau da yawa abin da ke tsayar da aiki bai wuce ɗan ramin sukuru ba.

Kunnen jita

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai wata 'yar na'ura da ake kira fikof. Maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantaka kamar gashin kai, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai wata 'yar wutar lantarki ta taso a cikin wayar, ta tafi amfilifaya, ta fito a lasifika.

George Beauchamp ne ya haɗa irin wannan na'ura a Amurka a farkon shekarun 1930. Kamfanin Fender ya fito da jitar Stratocaster mai fikof uku a 1954, sannan Gibson ya fara sa mai naɗi biyu a 1957 domin rage gurnanin lantarki.

Yawanci sukuru biyu ne kacal ke riƙe da fikof, kuma su ne ake murɗawa a ɗaga shi ko a sauke shi. Idan ramin ɗaya ya cinye, sai na'urar ta karkace. Ta yi ƙasa, sauti ya raunana. Ta yi sama, maganaɗisu ya riƙa jan tsirkiya, kiɗa ya fita daga saiti, wani lokaci ma tsirkiyar ta riƙa bugun na'urar.

Me ke cinye ramin?

Babban dalili shi ne sa sukurun da ba nasa ba. Jitocin Amurka da ma'aunin inci ake yanka sukurunsu, yawancin na Asiya kuwa da milimita. A ido kamarsu ɗaya, amma da zarar an tura na wannan a ramin wancan da ƙarfi, tiredin, wato zaren da sukuru ke bi, ya tafi ke nan.

Sai kuma ɗaurewa fiye da kima, da yawan kwancewa da mayarwa, da jijjigar hanya. Busasshiyar iska ma tana sa katako ya tsuke, ramin ya saki.

Gyara iri uku

Kafin komai sai an duba inda sukurun yake kamawa, domin kowane wuri da maganinsa.

Idan a jikin katakon jitar yake shiga kai tsaye, aikin kafinta ne. Ana shafa gam ɗin katako a tsinken sakace biyu ko uku, a cusa a ramin, a bari ya kwana, a yanke abin da ya fito, sannan a huda sabon rami da ya fi sukurun ƙanƙanta kaɗan. Idan ramin ya yi faɗi sosai, sai a fafe shi a saka guntun katako mai ƙwari da aka feƙe daidai da shi. A wajen hudawa, ana naɗa salatif a jikin ƙarfen huda a matsayin alamar zurfi, don kada ya ɓulla ta bayan jitar.

Idan irin na Stratocaster ne, sukurun yana ratsa murfin roba na gaban jitar ne ya kama wani siririn faranti a gindin fikof. A nan ɗigon supa gulu a bangon ramin yakan ƙarfafa shi. Sai ya bushe sarai kafin a mayar da sukuru a hankali, ya yanka wa kansa sabuwar hanya. Wanda ya yi gaggawa ya sa sukuru a kan ɗanyen gam, ya liƙe shi ke nan, ba sauran ɗagawa ko saukewa. Idan farantin ya yage, ana manna ɗan noti daidai da sukurun a ƙarƙashinsa.

Mai naɗi biyu kuwa ƙafafuwan ƙarfe gare shi. Ana iya yanka sabon tiredi da ya ɗan fi na da girma, ko a liƙa noti da dalma a ƙarƙashin ƙafar. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne, kuma dole hannu ya yi sauri, domin zafi mai yawa na iya narkar da robar da aka naɗa wayar a kanta.

Inda hatsarin yake

Ramin sukuru ƙaramin ciwo ne. Babbar asara ita ce a tsinka siririyar wayar nan garin gyara. Sukurudireba ya zame sau ɗaya, ko a bar fikof yana reto a jikin wayarsa, sai aikin awa ɗaya ya koma na sake naɗi gaba ɗaya, wanda ba kowane gari ake samun mai yin sa ba.

Shi ya sa ake gwada na'urar da mita kafin a fara da kuma bayan an gama. Fikof mai naɗi ɗaya yakan nuna wajen om 6,000, mai naɗi biyu irin na da kuma wajen 8,000. Idan mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke a wani wuri.

Haka kuma maganaɗisu yana janyo garin ƙarfe. Duk lokacin da za a goge ko a huda ƙafar, sai a rufe sauran na'urar da salatif.

Mayar da shi mazauninsa

Kada a manta da sifirin ko 'yar robar da ke jikin kowane sukuru, domin ita ke tokare fikof ya tsaya cak. Na jikin katako kuma soso ake sa masa a ƙarƙashi.

Daga nan sai saiti. Ana danne tsirkiya a kan ƙarfe na ƙarshe na wuyan jitar, a auna tazarar da ke tsakaninta da maganaɗisu. Kimanin milimita biyu wuri ne mai kyau na farawa, a ɗan ƙara nisa a ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri. Sauran aikin na kunne ne: a murɗa rabin zagaye, a kaɗa, a saurara.

Duk kayan aikin nan, daga gam zuwa dalma, ana samun su a kasuwar kowane gari. Abin da ya rage shi ne haƙurin jiran gam ya bushe. Makaɗin da ke da biki ranar Asabar, gara ya duba sukurorinsa tun ranar Laraba.