Jini a Tumbiɗin Jariri

Wani lokaci jariri yakan yi tumbiɗi, a ga ɗan jini a ciki. Sai hankalin uwa ya tashi, tsofaffi su ce nono ya ɓaci, a hana yaro sha. To, kada mu yi gaggawa. Galibi jinin nan na uwar ne. Kan nononta ne ya tsage, yaro ya haɗiye jinin, kuma ba zai cuce shi ba.

Me ke tsaga kan nono? Rashin kama shi da kyau. Uwa ta jira yaro ya buɗe baki sosai, ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon. In ya ƙoshi, ta tatsi ɗan nono ta shafa a wurin, ta bari ya sha iska. Kada ta sa sabulu. Ta ci gaba da ba shi mama.

Amma fa in babu tsaga, ko jinin ya yi yawa, ko cibiya tana jini, ko jikin yaro ya yi zafi, ko ya ƙi shan nono, mu kai shi asibiti nan da nan, kada a kwana.