Opera Mini, Chrome ko Phoenix: Wacce ta fi dacewa da raunin sabis a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. Sai a watan Disamba gwamnatin Aminu Bello Masari ta sanar da fara maido da su.

Sabis ya dawo, amma a ƙauyuka da dama har yanzu sai an nemi tudu ko an fita bakin titi kafin shafi ya buɗe. Ga kuma tsada, domin a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Shi ya sa ɗalibin da ke duba gurbin karatu a shafin JAMB, ko mai neman bashin karatu na NELFUND, yake buƙatar sanin manhajar da zai buɗe shafin da ita.

Opera Mini: Sauri da tsimin data

Idan ka nemi shafi da Opera Mini, buƙatar kan fara zuwa kwamfutocin kamfanin, su ɗauko shafin su matse shi, sannan su turo maka. Kamfanin ya ce hakan na iya rage cin data da kusan kashi 90 cikin 100. Wajen karanta labarai ko duba sakamakon ƙwallo da sabis mai sanda ɗaya, da wuya a samu wadda ta kai ta.

Sai dai matsewar na da illa. Idan aka sa ta a matakin tsimi mafi tsanani, wasu sassan shafi kan daina aiki. Mutum zai cike fom, ya danna maɓallin turawa, shiru. Ko kuma wurin ɗora hoton fasfo ya ƙi fitowa. Wanda bai sani ba sai ya ɗora wa sabis laifi, har wa'adin rajista ya wuce.

Chrome: Nauyi amma aminci

Chrome na sauke shafin gaba ɗayansa a kan wayar, don haka ta fi cin data, kuma takan yi wa ƙaramar waya nauyi. A 2022 Google ya cire tsarin tsimin data da ke cikinta. Duk da haka, ita ce ta fi dacewa da cike fom da biyan kuɗi, musamman idan aka umarce ta ta nuna shafin yadda yake fitowa a kwamfuta.

Phoenix: Ta zo da waya

Yawancin masu Tecno da Infinix da itel sun tarar da Phoenix a cikin wayarsu. Tana da sauƙin sauke bidiyo, abin da ya sa matasa ke son ta. Amma labarai da tallace-tallacen da take turowa ba tare da an nema ba suna lasar data a hankali. Kashe sanarwarta na rage asarar.

Batun imel

Buɗe imel ta cikin burauza na buƙatar sabis tun daga farko har ƙarshe. Manhajar Gmail kuwa tana ajiye saƙonnin kwanakin baya a kan waya, a karanta ko babu sabis. Idan aka rubuta saƙo, za ta riƙe shi har sabis ya dawo ta tura. Tana ba da ma'ajiyar gigabayit 15 kyauta, kuma takardar da za a liƙa wa saƙo ba ta wuce megabayit 25. Outlook da Yahoo Mail ma suna da manhajojin waya, amma mai wayar Android ya riga ya mallaki adireshin Gmail, ba sai ya sauke wata ba.

Babban haɗarin yana wani wuri dabam. Ɗalibai da yawa a shagon intanet ake buɗe musu imel ranar rajista, su tafi ba su riƙe kalmar sirri ba, wani lokaci ma lambar mai shagon ce a kai. Ranar da makaranta ta turo saƙo, babu hanyar shiga. Haka kuma Google na iya goge adireshin da aka shekara 2 ba a taɓa shi ba, kuma layin da aka daɗe da yasarwa kamfani na iya sayar wa wani.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ajiye manhajoji biyu: Opera Mini don karatu, Chrome don duk abin da ya shafi fom ko kuɗi. Imel kuwa mutum ya buɗe da lambarsa, ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya adana tare da takardun makarantarsa.