Daga ina sunan Yamai ya fito?

Yamai babban birnin ƙasar Nijar yana bakin kogin Isa. Kafin zuwan Nasara, babu birni a wurin. Ƙauyuka ne na manoma da masunta da makiyaya, kamar Gudel da Gamkalle da Saga. A ƙetaren kogi kuma akwai Lamorde, garin Fulani.

To, wa ya raɗa wa wurin suna? Nan ne tsofaffi suka rabu.

Mawri, waɗanda Hausawa ke kira Arawa, sun ce kakanninsu sun zauna a wani tsibiri mai suna Neni Gungu. Da aka tashe su, sai suka ƙetaro suka sauka kusa da wani icce da ake ce ma "nya". Daga iccen ne sunan ya fito. Zabarmawan Kalle ba su yarda ba. Sun ce wani shugabansu ne ya nuna wa mutanensa wurin, ya ce su share nan su zauna, sai maganarsa ta zama suna. Wasu kuma suna duba kalmomin kawai. Da Zabarmanci "nya" uwa ce, "me" kuma baki. Ke nan bakin ruwan da wata uwa take ɗiban ruwa.

Gardamar ba ta banza ba ce. Wanda ya raɗa suna, shi ke cewa ya riga kowa zuwa. Wanda ya riga zuwa kuwa, shi ke da magana a kan ƙasa da sarauta.

Nasara sun rubuta Niamey. Bahaushe ya ce Yamai.

Faransawa sun yi mulkin yankin daga Yamai, amma a 1911 suka koma Damagaram. A 1926, zamanin gwamna Brévié, suka dawo da fadar mulki Yamai. Daga nan baƙi suka yi ta kwararowa. Yunwar 1931 ta koro talakawa da yawa daga karkara. Fataken Hausawa suna sauka a Zango. Buzaye da Gurmawa da Barebari sun zo, har da Yarabawa da mutanen Dahome.

Lokacin samun ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai wajen 30.000 ne. Gadar Kennedy ta 1970 ta haɗa birnin da ƙetare. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 1 a jihar Yamai. Har yanzu unguwannin Mawrai da Kalle da Zango suna tsakiyar gari da sunayensu na da.