Ƙin Shiga Giya a Motocin Lantarki: Inda Laifin Yake da Abin da Yake Jawo wa Aljihu

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin 'yan kasuwa da masu sufuri ya ƙara karkata ga motocin da ke aiki da lantarki. Dama tun a 2020 kamfanin Stallion ya fara harhaɗa motar Hyundai Kona mai lantarki a Legas, kana a 2021 Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Sai dai kuma mai sayen irin wannan mota ya kamata ya san wata matsala da kan tsayar da ita cik, watau ƙin shiga giya.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, akasarin waɗannan motoci giya ɗaya tak gare su. Injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tashi, yana kuma iya juyawa fiye da sau 10,000 a minti guda, saboda haka ba ya bukatar kuloci ko hawa-hawan giya irin na motar fetur. Idan za a koma da baya, injin ne kawai yake juyawa ta ɗaya gefen.

Tarihi ya nuna dalilin wannan zaɓi. Sa'ad da kamfanin Tesla na Amurka ya ƙera motarsa ta farko, Roadster, ya yi niyyar sa mata giya biyu, amma akwatin giyar ya kasa jure ƙarfin injin. Motocin farko da aka miƙa wa masu saye a 2008 an kulle su ne a giya ta biyu, daga bisani aka musanya masu da akwati mai giya ɗaya na kamfanin BorgWarner. Motoci kaɗan ne, irin su Porsche Taycan ta 2019, suke da giya biyu, su ma a ƙafafun baya kaɗai.

Saboda haka, idan direba ya danna D ko R mota ta ƙi motsi, da wuya a ce haƙoran giya ne suka karye. Maɓallin saƙo ne kawai yake aikawa ga kwamfutar motar, ita kuwa ba ta amincewa sai sharuɗɗanta sun cika.

Sharaɗi na farko shi ne wayar caji. Muddin tana jone, motar ba za ta bar P ba, domin kada direba ya fizge ta. Na biyu shi ne birki: akwai ɗan makunni a bayan fedar birki wanda ke shaida wa kwamfuta cewa an taka, in ya lalace sai motar ta ɗauka ba a taka ba. Alamarsa ita ce fitilun birki na baya su ƙi kamawa.

Na uku, wanda ya fi yaudarar jama'a, shi ne ƙaramin batir mai bolt 12. Ko da babban batir cike yake, wannan ƙaramin ne yake tayar da kwamfuta, shi ne kuma yake sa a jona babban da injin. Idan ya yi sanyi, komai ya tsaya. Motar da ta shafe makonni a cikin jirgin ruwa da kuma harabar tashar Apapa ko Tin Can tana iya isowa da wannan batir a mace, ga shi kuma zafin ƙasarmu yana rage wa batir kwana.

Har ila yau, laifin kan fito daga masana'anta. A 2022 kamfanonin Hyundai da Kia sun kira motocin Ioniq 5 da EV6 kusan 20,000 a Amurka domin gyara, saboda rawar wuta na iya sa na'urar sarrafa giya ta saki sakatar da ke riƙe mota a P, ta gangara da kanta. Sabunta manhaja aka yi, aka magance shi. A watan Maris na 2024 kuma suka sake kiran motoci kimanin 147,000, saboda na'urar da ke cajin ƙaramin batir tana iya daina aiki. Mai shigo da motar hannu daga can wajibi ne ya bincika lambar jikinta, ya tabbatar an yi mata waɗannan gyare-gyare kafin ya biya kuɗi.

Ta fuskar tattalin arziki, a nan ne asarar take. Batir mai bolt 12 da makunnin birki kaya ne masu sauƙin kuɗi, amma bakaniken da ya saba da motar fetur yana iya kwance akwatin giya mai lafiya, ko ya sa a yi odar wani daga waje da kuɗin musaya. Ga mai tasi ko bas kuwa, kowace rana da mota ta kwana a gareji, balas ne ya salwanta.

Akwai kuma haɗari iri biyu. Jan motar da igiya alhali ƙafafun da injin ke juyawa suna ƙasa na iya haifar da wuta ya ƙona na'urori, don haka sai a ɗora ta bisa motar ɗaukar mota. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa suna ɗauke da bolt 400, wasu har 800, taɓa su ba tare da horo ba ganganci ne da rai.

Lalle ne dillalai su tanadi na'urorin gwaji da kayan gyara kafin su cika kasuwa da motoci, hukumomi da ƙungiyoyin bakanikai kuma su gaggauta horar da matasa. Idan ba a yi haka ba, abin da mai mota ya tsimi daga gidan mai zai ƙare ne a gareji.