Ra'ayin Jama'a da Tsibin Dawa

In an sheƙe dawa a masussuka, aka tsiba ta, sai ka ga tsakiya ta yi tudu, gefe kuwa ƙwaya ce tsilla-tsilla. To, galibi haka ra'ayin mutane yake a ƙasar da ake zaɓen shugabanni da ƙuri'a. Masu tsananin ra'ayi kaɗan ne, sai dai sun fi kowa ɗaga murya. Yawancin jama'a suna tsaka-tsaki, bukatarsu lafiya da abinci da adalci.

Wani masani na Amurka, Anthony Downs, ya bayyana wannan cikin 1957. Ya nuna in jam'iyyu biyu ke takara, ra'ayi kuwa tsibi ɗaya ne, tilas kowace ta matso tsakiya, don can ƙuri'u suke. Amma in tsibin ya rabu biyu, tsakiya ta zama fili, sai kowa ya maƙale wa nasa, sulhu ya yi wuya.

Jihar Kaduna ta ɗanɗana wannan. Cikin 1979 aka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, alhali NPN ke da rinjaye a majalisa. Aka rasa mai sassautawa, majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, har ta tsige shi cikin Yuni 1981.

Cikin Fabrairu 2000 kuma gardama a kan shari'a ta raba jihar biyu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Gwamnan lokacin, Ahmed Makarfi, mutumin Makarfi, ya bi hanyar tsakiya. Cikin 2001 aka tsayar da kotunan shari'a domin Musulmi, da na gargajiya domin waɗansu al'ummu, ga kuma na majistare. Ba wanda ya sami dukkan abin da ya so, amma jama'a ta sāke zaɓensa cikin 2003.

Dokar ƙasa ma tana jan 'yan takara zuwa tsakiya. Ba a zama gwamna da yawan ƙuri'a kaɗai, sai an sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, watau a Kaduna cikin 23. Saboda haka mai neman ƙuri'ar manomin Janfalan, ko Kudan, ko Ikara, tilas ya faɗi maganar da mutumin Kafanchan zai iya saurara.

To, 'yan'uwa malamai, mu koya wa yaranmu sauraron wanda suka saɓa da shi. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.