Rasit Bai Fi Doka Ba

A ƙasan rasit ɗin shaguna da yawa za ka ga an buga cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Mai saye yakan ɗauki wannan rubutu tamkar hukuncin alƙali. In firjin da ya saya ya tsaya bayan mako biyu, sai ya ce tsautsayi ne, ya nemi mai gyara.

Alhali dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ba ta san da wannan sharaɗi ba. Ita ce ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC. Ta ba mai saye wata uku ya mayar da kaya mai aibi, a gyara, ko a canza masa, ko a ba shi kuɗinsa. In kuwa kayan ya yi ɓarna, kamar cajar waya da ta ta da gobara a ɗaki, alhakin yana kan wanda ya fito da shi kasuwa, kuma ba ya kuɓuta da wani rubutu a rasit.

Inda dokar ta fi burge ni shi ne batun hujja. A da, kai da aka cuta kai za ka nuna sakacin kamfani, a masana'antar da ko ƙofarta ba ka taɓa gani ba. Yanzu in ka ce kaya na da aibi, mai kayan ne zai tabbatar da lafiyarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da ba mai saye zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa.

Ɓarnar kaya mai aibi takan kai ga rasa rai. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta kai ƙara, a 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikata biyu na kamfanin da ya haɗa maganin shekara bakwai-bakwai. Sai dai ɗauri daban, diyya daban. Ita diyya sai wanda aka cuta ya tashi ya nema.

Don haka a riƙe rasit da kwalin kaya, a ɗauki hoton lambar da ke jikinsa. A fara komawa wurin mai shago. In ya ƙi, a kai koke FCCPC, ko a wuce kotu.