Babur Mai Ƙafa Huɗu a Kan Rairayi: Aikin Yana Wuyan Taya

A Samaru ta Zariya babu tudun rairayi. Ƙasar da ake gwajin amfanin gona a kanta tun 1922, a tashar binciken da ta zama cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙasa ce mai yin tauri da rani. Duk wanda ya mallaki ɗan babur mai ƙafa huɗu kuma yake son hawan rairayi na gaske, sai ya ɗora shi a bayan a-kori-kura ya nausa arewa maso gabas, har Tulo-Tulo a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, dab da iyakar Nijar. Shirin tafiyar kuwa a gida ake yin sa, tsakanin garejin Sabon Gari da rumfar mai faci, kuma sabon hannu kan fara da abin da ya saba: a ɗura wa taya iska ta yi tauri.

A kan kwalta wannan daidai ne. Tayar ƙaramar mota tana son awo 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI. Tayar wannan babur kuwa wajen awo 5 take ɗauka a ƙasa mai tauri, a rairayi har a rage zuwa 3 ko 4. Dalili shi ne, nauyin abin hawa yana rabuwa ne a kan faɗin wurin da taya ta taɓa ƙasa. Taya mai tauri ɗan wuri take takawa, sai ta huda rairayi ta nutse, ta tara tsibi a gabanta. Ko a fili take, kullum hawa take yi. Direba ya ƙara wuta, taya ta ƙara haƙa, har cikin babur ya zauna a ƙasa, ya kafe. Da an sassauta iska, sawun taya sai ya ƙara tsawo, nauyi ya bazu, ta bi saman rairayi kamar yadda tafin raƙumi ke buɗewa idan ya taka. Wannan lissafin ne injiniyoyin aikin gona ke yi wa tayar tarakta don kada ta daddale ƙasar gona.

Dabarar ta daɗe. Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila da ya ratsa hamadar Masar da Libiya da motocin Ford tun ƙarshen shekarun 1920, da rage iskar taya ya haye tuddan da ake ganin mota ba ta iya hawa, kuma a 1941 ya fitar da littafi kan yadda iska ke gina su. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku har yau haka suke yi.

Sai dai ragewar tana da iyaka. Idan iska ta yi ƙasa sosai, kwana ɗaya mai ƙarfi ya isa taya ta zame daga bakin ƙarfenta. Gejin mota kuma ba ya karanta awo 3 daidai, dole a nemi na ƙaramin awo, a haɗa da famfon hannu. Akwai tayar baya mai fikafikai da aka yi musamman don shebe rairayi, amma a ganina ba ita ce farkon abin saye a nan ba: hanyar zuwa tuddan Yobe akwai ƙasa mai tauri da ƙaya, kuma a can fikafikan nan da nan suke cinyewa. Taya mai faɗi, mai ƙananan haƙora, ta wadatar.

Na fi damuwa da matatar iska a kan duk wani gyaran ƙarin gudu. Rairayin da ya shige ta kai tsaye yake zuwa cikin inji ya kankare fistin da ringi. Matatar soso da aka shafa wa manta na musamman ita ce ta dace, a wanke ta bayan kowane yini. Sarƙa akasin haka take: giris mai kauri yana kama rairayi ya zame mata magogi. Sannan inji yana aiki tuƙuru a rairayi alhali gudun kaɗan ne, iskar da za ta sanyaya shi ba ta isa, don haka a riƙa ba shi hutu.

Shi kansa tudun fuska biyu gare shi. Wadda iska ke bugawa shimfiɗaɗɗiya ce, rairayinta a danne. Ta baya tana gangarawa da kusurwa kusan digiri 34, rairayinta sako-sako. Mai hawa ba ya ganin ta sai ya kai ƙoli, musamman da tsakar rana da inuwa ke ɓacewa. Shi ya sa a tuddan Glamis na Kalifoniya doka ta tilasta ɗaura tuta a doguwar sanda, ta kai ƙafa 8 daga ƙasa, don na ɗaya gefen ya hango mai zuwa. Gangara miƙe ake yin ta, wanda ya karkace a tsakiya zai kife.

Kifewar nan ce ta sa a 1988 aka daina sayar da sababbin babura masu ƙafa uku a Amurka, irin waɗanda Honda ta fara fitarwa a 1970. Mai ƙafa huɗun ma da jiki ake tuƙa shi: a hawa a matsa gaba, a gangara a koma baya. Doguwar kujerarsa don wannan motsi aka yi ta, ba don goyo ba, duk da mun saba da ɗaukar mutum uku a acaɓa. Hular kwano da gilashin kare ido ba abin sasantawa ba ne.

A Yusufari rairayi ba wurin wasa kaɗai ba ne. Yana matsowa yana binne gonaki da kwarurrukan dabino, kuma ciyawa da ƙananan itatuwan da ke kan wasu tuddan su ne ke riƙe da su. Taya huɗu na iya tuge cikin yini ɗaya abin da ya ɗauki damina da yawa kafin ya kama. Mai zuwa daga Zariya ya fara gaida mai gari, ya nemi ɗan jagora ya nuna masa tuddan da suke tsirara da hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa.